Yadda ake haɗa faifan kyauta mai juyawa wanda ba ya son kai

Tambaya: Malam, an ba ni alhakin shirya wasanni a wani bikin nishaɗi na yara, sai na haɗa faifan da ake juyawa a ci kyauta da kwali da ƙusa, amma yana rawa idan an juya shi, kuma kusan kullum gida ɗaya yake tsayawa. Yaya zan yi wanda ya fi wannan?

Amsa: Malam, matsalolin nan biyu daga wuri ɗaya suka fito, wato cibiyar faifan da rabon nauyinsa, kuma a nan aikin yake, domin fenti da ado sa'a guda ta ishe su. Ka bar kwali, tun da yake lanƙwashewa yake yi, ramin tsakiyarsa kuma yana buɗewa bayan juyi kaɗan. Ka nemi fallen katako shimfiɗaɗɗe mai kaurin milimita 12 zuwa 18, ka fitar da da'ira mai faɗin santimita 60.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a yanke faifan tukuna sannan a shiga laluben tsakiyarsa. Ka fara kafa ƙusa a inda cibiya za ta kasance, ka sami siririn katako ka huda shi wuri biyu da tazarar santimita 30, rami ɗaya ya shiga ƙusar, ɗayan ya riƙe fensir, sai ka zagaya. Na fi son katako a kan zare domin zare yana miƙewa a hannu. Ramin ƙusar nan shi ne cibiyarka, kada ka sake neman wata.

Rabon gidaje ba ya buƙatar na'ura. Idan ka ɗauki wannan tazarar ta santimita 30 ka bi da ita a kan da'irar daga alama zuwa alama, sau shida za ta dawo da kai inda ka tashi, sai ka raba kowane kashi biyu ka sami gida 12, kowanne digiri 30. A kan kowane layin iyaka, kusa da baki, ka kafa turke na katako ko doguwar ƙusa, duka da nisa ɗaya daga cibiya. Amfanin sa turaku a kan iyaka shi ne ba za a taɓa yin gardamar ko faifan ya tsaya tsakanin gida biyu ba.

A cibiya kuma boris ake so, irin na ƙafar keke ko na injin da ya daina aiki, a zaunar da shi daram, a zura masa sandar ƙarfe mai zare, a sa washa tsakanin faifan da ginshiƙin da ke riƙe da shi don kada su goga. Ka ɗaure da noti biyu masu matse juna, domin guda ɗaya yana kwancewa a hankali. Gindin ginshiƙin ya zama mai faɗi da nauyi, saboda yaro idan ya samu dama da iya ƙarfinsa yake fizga.

Kafin ka sa harshe, wato ɗan tsinken da ke bugun turaku, ka gwada nauyin. Ka kafa faifan a tsaye, ka juya shi a hankali sau goma, duk lokacin da ya tsaya da kansa kana sa alamar alli a wurin da ya koma ƙasa. Idan alamomin sun watsu, faifan ya daidaita, idan kuwa sun taru a gefe guda, wannan gefen ne ya fi nauyi, sai ka liƙa washa a bayan faifan ta ɗaya gefen, ka sake gwadawa har tarin ya watse. Boris mai kyau yana tona wannan aibin fiye da ƙusa, don haka kada ka tsallake gwajin.

Harshen shi ne ɗan tsinken roba mai tauri ko fata da ake kafawa a sama yana bugun turaku, yana ba da ƙarar ƙas-ƙas ɗin da ke tara 'yan kallo. Idan ya yi tauri da yawa zai tsayar da faifan da wuri, idan ya yi laushi kuma a daɗe ana jira. Ka ɗaure shi da noti yadda za ka iya sauya tsawonsa, ka ajiye na canji, domin shi ne yake fara karyewa.

Saura lissafin kyauta. Gida ɗaya cikin 12 yana nufin a juyi 120 babbar kyauta za ta fita kamar sau goma, ko sama ko ƙasa da haka, sai ka yi tanadi da rara. Idan ta yi maka yawa, ka ƙuntata gidanta a fili, ka matso da turakunsa kowa yana gani, amma kada ka ɓoye nauyi a baya don karkatar da faifan, wannan ha'inci ne. Ka kuma rubuta a allo cewa juyin da bai cika zagaye biyu ba ba a ƙirga shi.