Ku Tambayi Likita: Na danna wa Mama maɓallin maganin zafi, nas ta yi min faɗa

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Gangare, Jos:

Salam likita, Allah ya ƙara basira. Dan Allah an yi wa Mamanmu tiyatar ciki a wani asibiti a Abuja, da aka fito da ita sai muka ga an maƙala wata na'ura jikin ƙarfen ƙarin ruwa tana ta nuna lambobi, an kuma ba ta wani ɗan maɓalli a hannu wai in ta ji zafi ta danna. To da daddare tana barci sai na ga tana yamutsa fuska, tausayi ya kama ni na danna mata, wallahi da nas ta gani faɗan da ta yi min sai da na yi kuka. Ni dai taimako na yi niyya. Meye laifina, kuma meye ma aikin na'urar?

Amsa:

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya ya sa kaffara ne. Niyyarki mai kyau ce, amma gaskiya nas ɗin nan tana da hujja babba, in kin ji yadda abin ke aiki ke da kanki za ki ba ta uzuri.

Kin san ƙarin ruwa na yau da kullum, ana rataya leda a sama, nas ta murza ɗan tayan nan tana ƙirga ɗigo, a yawancin robobin ɗigo 20 shi ne mil 1, wato mililita ɗaya. Wannan ya isa in ruwan gishiri ne, amma mara lafiya na lanƙwasa hannu gudun ya canza, a ɗaga ledar ya canza. Maganin kashe zafi mai ƙarfi irin mofin kuwa ba a yi masa kirdado. Shi ya sa ake sa shi a babban sirinji, sau da yawa mai mil 50, a ɗaura a na'ura mai ɗan inji a ciki da ke tura sirinjin a hankali daidai adadin da likita ya rubuta, ko da mil 2 ne a awa guda ba za ta ƙara ba ba za ta rage ba.

Irin wadda aka sa wa Mama za ki ji ma'aikata na ce mata PCA, mara lafiya ne da kansa ke ba kansa maganin. Likita ya riga ya saita ta, ga babban mutum yawanci kowane danni yana sakin miligiram 1 na mofin, daga nan ta kulle kanta kamar na minti 5, ko sau nawa aka danna a cikin wannan lokacin ba abin da zai fita. Kuma tana ajiye lissafin duk dannin da aka yi, wanda ya ba da magani da wanda bai bayar ba, da shi ake gane ko zafin ya fi ƙarfin abin da aka saita.

To ga inda maganarki take. Wannan kullewar ita kaɗai ba ta isa kariya ba, babbar kariyar ita ce shi kansa mara lafiyar. Mofin in ya fara yawa a jiki barci yake fara sawa kafin ya rage numfashi, kuma wanda barci ya ɗauke ba zai iya danna komai ba, kin ga maganin ya tsaya da kansa kenan har sai ya ragu a jini mutum ya farka. Amma in ɗiya ko miji ko kishiya ta zauna tana danna wa mai barci, an cire wannan kariyar gaba ɗaya, na'ura ba ta san hannun wa ke kai ba, za ta ci gaba da bayarwa numfashi na raguwa, ga tsohuwa ko mai ciwon ƙoda ko mai yawan minshari abin ya fi saurin zama haɗari. Yamutsa fuska a barci kuma ba lallai zafi ba ne. Abin da ya dace shi ne ki kira sunanta, in ta farka ta ce tana jin zafi ta danna da hannunta, in kuma ta ƙi farkawa da kyau, ko numfashinta ya yi nisa-nisa, ko leɓenta ya canza launi, ki ruga ki kira nas, akwai allurar naloksan da ke warware mofin cikin mintuna.

Ni dai ina son na'urar nan ƙwarai, don na san wahalar jiran allurar awa huɗu-huɗu, mutum na murƙususu yana jin nauyin kiran nas. Ki ce wa Mama kar ta yi ta dauriya irin ta iyayenmu, ta danna kaɗan kafin ta yi tari ko ta juya ko a taka da ita, don wanda zafi ya hana tari da motsi shi ne majina ke taruwa masa a huhu. Ƙaiƙayi da tashin zuciya da taurin bayan gida suna iya zuwa, a faɗa wa nas, duk akwai maganinsu.

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Kubwa, Abuja:

Likita za a yi min aiki wata mai zuwa, an ce na'ura ce ke ba da maganin barci. In nepa ta ɗauke wuta fa, ba zan farka ana tsakiyar yanka ba?

Amsa:

Malam kwantar da hankalinka. Ana riƙe mutum a barci ko dai da iskar da yake shaƙa, ko da magani ta jijiya wanda irin wannan na'urar ke turawa, mafi shahara shi ne furofofol, fari ne kamar madara. Ƙarfinsa na gushewa cikin 'yan mintuna shi ya sa dole a yi ta tura shi ba yankewa, kuma shi ya sa da an tsayar mutum ke farkawa garau, amai ma bai cika damunsa ba. Wasu na'urorin ana shigar musu da shekarunka da nauyinka da tsawonka su lissafa abin da ya kamata ya kasance a jininka.

Maganar wuta kuwa, suna da batir a ciki, wuta na ɗaukewa suke komawa kansa, kuma suna yin ƙarar gargaɗi in robar ta toshe ko maganin ya kusa ƙarewa. Sannan likitan sa barci yana nan tsaye wajen kanka tun farko har ƙarshe, idonsa na kan bugun zuciyarka da hawan jini da iskar jininka da kanular hannunka, in na'ura ta ba da matsala zai tura da hannu ko ya koma kan iska. Abin da nake roƙonka shi ne ranar da zai zo duba ka kafin aiki ka faɗa masa gaskiya, in kana shan taramol ko kodin ko giya ko maganin gargajiya kar ka ɓoye, ba hukunci zai yi maka ba, lissafin maganinka ne ke canzawa.

Tambaya daga wata uwa a Bukuru:

Ɗana mai sikila ne, in an sa masa na'urar nan ta PCA mai ba da mofin ba zai zama ɗan ƙwaya ba?

Amsa:

Hajiya Allah ya ba shi sauƙi. Mofin na 'yan kwanaki a asibiti saboda ciwo na gaske, ana lura da shi kuma ana ragewa a hankali in tashin ciwon ya lafa, da wuya ya kai ga haka. Inda aka fi samun matsala shi ne allurar kashe zafi ta fentazosin da ake saye a kemis ana yi a gida ba sa ido. Kafin a sallame ku ki tambayi likitansa wane magani zai koma sha, na kwana nawa, kuma yaushe za ku dawo.