Amsa: Kuloci ba ya saki gaba ɗaya, giya tana ƙara

Ɗan'uwa, ka ce tsohuwar motarka tana gurnani idan za ka sa giya ta ɗaya ko ta baya, ko da ka taka kuloci har ƙasa. Fara da kashe injin ka gwada. Idan giya ta shiga lafiya lau, to kulocin ne ba ya rabuwa da injin sosai.

Duba ƙarƙashin feda tukuna, domin tabarmar ƙafa kan tokare ta. Idan kulocin na waya ne, wataƙila wayar ta miƙe, sai a daidaita ta, amma kada a ɗaure ta tamau, domin farantin kulocin zai riƙa sulɓewa ya ƙone. Idan na mai ne, duba ko man ya ragu, ko akwai yoyo a famfon sama (wanda feda ke turawa) ko na ƙasa (na jikin akwatin giya). Taka fedar sau da yawa a jere. Idan giya ta shiga bayan haka, iska ce ta shiga layin ko robar famfon ta mutu. A zuba man birki irin wanda aka rubuta a murfin ma'ajiyar man, DOT 3 ko DOT 4, kada a kuskura a sa man inji.

Ina roƙonka ka daina tura giya da ƙarfi, domin gyaran akwatin giya ya fi na kuloci tsada nesa ba kusa ba. Idan duk wannan bai yi ba, wataƙila farantin ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa bayan dogon ajiya a damina, kuma sai an sauke akwatin giya. Wannan aikin ƙwararren makanike ne, kuma a Suame Magazine, unguwar makanikai nan Kumasi, akwai su.