Injin yanka katako yana ɗan jan hannu

Malam, wannan ɗan jan da ka ce kana ji in ka taɓa jikin injin a shagonka na Agege, kada ka raina shi. Wuta ce ke yoyo cikin ƙarfen, kuma wayar ƙasa, wadda ya kamata ta kwashe wutar ta kai ta cikin ƙasa, ba ta aiki. Fara da filogin: doguwar ƙafar nan ta sama ita ce ta ƙasa, wayarta kore da rawaya. Kafintoci da yawa suna yanke filogi su soka waya biyu tsirara a soket, to daga nan ne matsalar take farawa.

Ita ma wayar jan wutar ka duba ta. Masu arahar nan na kan hanya sau da yawa waya biyu ce a ciki, siririya. Wutarmu volt 230 ce, filogi mai fis na amp 13 iyakarsa kusan watt 3,000. Nemi mai waya uku, in nisan ya yi yawa mai kaurin 2.5mm², kuma ka warware ta duka, domin a naɗe zafi take yi, ga garin katako ko'ina.

Ka kira mai wayarin ya kafa sandar ƙasa har da ta janareta, ya sa maka makashin RCD na 30mA, wanda ke yanke wuta da kansa in ta yi yoyo. Da daminar Legas da jiƙaƙƙen siminti, ni dai ba zan kunna injin ba sai an gyara.