Mun yi karo-karo don firamarenmu, yaya za mu yi kada kuɗin su salwanta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu tsofaffin ɗaliban wata firamaren gwamnati ne a wajen Dala. Da muka kai ziyara muka tarar yara zaune a ƙasa, iska ta yaye rufin aji biyu, sai muka buɗe zaure a WhatsApp muka fara karo-karo. Kuɗi sun fara taruwa. Wasu na cewa mu kafa gidauniya, wasu na cewa a damƙa wa hedimasta a huta. Akwai kuma wani Alhaji a Kantin Kwari da ya ce zai ba mu zakkarsa mu gina aji. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya saka muku da alheri. Bari in fara da zakkar Alhaji, don ita ce mai haɗari. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa rukunin mutane takwas da ake ba zakka, kuma mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, ba su yarda a gina aji ko masallaci da ita ba. Ku roƙe shi ya ba ku sadaka daban don gini. Zakkar kuwa a kai ta hannun iyayen yaran da suke matalauta, su saya wa 'ya'yansu yunifom da takalmi da littattafai. In yana son ƙarin bayani, Hukumar Zakka da Hubusi ta jihar Kano tana nan.

Batun damƙa wa hedimasta, ban goyi baya ba, ko da waliyyi ne. Ana iya yi masa canjin wurin aiki gobe, kuma kun ɗora masa zargin da bai nema ba. Makarantar tana da kwamitin al'umma da ake kira SBMC, wanda ya haɗa hedimasta da mai unguwa ko wakilinsa, da liman, da iyaye mata, da malamai, da tsofaffin ɗalibai. Kun ga ku ma kuna da kujera a ciki. Da su za ku zauna a fitar da buƙatu, amma kuɗi su zauna a asusunku, ku biya kafinta da birkila kai tsaye, a karɓi rasit.

Gidauniyar tana da kyau, in dai da gaske za ku yi. Ku yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, a matsayin amintattu masu rajista, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Za a buƙaci kundin tsarin mulkinku da sunayen amintattu, a buga sanarwa a jarida biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Banki zai nemi takardar SCUML, wani sashe na EFCC, kafin ya buɗe muku asusu. Ku sa doka cewa sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita, kuma kada su zama wa da ƙani. Duk ƙarshen wata ma'aji ya ɗora hoton bayanin banki a zaurenku. Zaurukan karo-karo da yawa da na ga sun watse, ba sata ce ta watsa su ba. Shirun ma'aji ne ya haifi zato, zato ya haifi gaba.

Kafin ku kafa ƙusa ɗaya, ku rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi zai isar ga SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Ginin na gwamnati ne. Akwai kuma wata fa'ida: tun dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, gwamnatin tarayya na ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin asusunta ga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, jiha ta zuba nata kaso ta karɓo, a yi gine-gine. Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan a Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Mai yiwuwa ajin da kuke shirin gyarawa yana cikin jerin da aka riga aka ba ɗan kwangila. Ku tambaya. Wasiƙa mai tambarin gidauniya, da tsofaffin ɗalibai a bayanta, tana motsa fayil fiye da koken hedimasta shi kaɗai.

Inda na fi so ku saurare ni shi ne abin da za ku kashe kuɗin a kai. Mu Kanawa muna son sabon gini da allon suna da ranar yanke ƙyalle. Lokacin da nake zagayen duba makarantu na shiga wata da aka haƙa wa rijiyar burtsatse, an kafa allo mai sunan mai bayarwa da manyan baƙaƙe. Famfon ya lalace, gyaransa bai kai kuɗin ragon suna ba, amma ba wanda aka ɗora wa alhakin. Ban-ɗaki shida a kulle saboda ba ruwa. 'Yan matan aji biyar da shida in sun tafi gida lokacin tara, ba su dawowa sai gobe. A bayan ofis kuma ga bencina sun fi talatin a jibge, ƙafa ɗaya ɗaya ce ta karye, kafinta zai gama da su a kwana biyu.

Saboda haka ku raba abin da kuka tara. Kaso ɗaya na aikin yanzu, kaso ɗaya a ajiye don gyara, kada a taɓa shi don sabon aiki komai daɗin bakin mai kawo shawara. In Allah ya buɗa, ku nemi hubusi, wato waƙafi: shago ko gida da za a tsayar, hayarsa ta riƙa shiga asusun makarantar duk shekara. Wannan ne ya kamata ku kai wa Alhajin Kwari, domin sadaka ce mai gudana, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin bambancin jari da kyauta. A rubuta takardar hubusin da shaidu, a sanar da magada tun yana raye.

Ƙungiyoyin waje masu ba da tallafi ma takardu suke fara dubawa: rajista, bayanin banki, hotunan kafin aiki da bayansa. Ku fara tara su daga yau.

Rufin nan biyu kuwa kada ku jira rajista, tana iya ɗaukar watanni. Ku samu izinin sakataren ilimi a rubuce, ku kira kafinta ya duba katakon ko gara ta ci, a rufe kafin hadarin farko na watan Mayu.