Kafin ka sayar masa da sabuwar laina, cire tsohuwar ka auna kwanson

Jiya muna cikin tattara kayan aiki ka kawo mini maganar mutumin nan mai takalmin hawan dutse a kan siki, wato dogayen allunan da ake ɗaurawa a ƙafa ana sulɓi a kan dusar ƙanƙara. Ka ce diddigensa na ɗagawa duk taku har ya yi masa bororo, yatsunsa kuma suna ƙandarewa don sanyi, shi ya sa yake son a ba shi laina mafi kauri da muke da ita. Ka ce, "Maigida, wacce zan ɗauko masa?" Na ce ka bari sai da safe, don ba amsar tsaye ba ce. Yanzu ja kujera, ɗana, ka saurara.

Takalmin nan abu biyu ne aka haɗa: kwanson roba mai tauri a waje, da laina mai laushi a ciki, wadda ita ce shafinsa. Mai ciwon ƙafa laina yake zargi domin ita ke taɓa fatarsa, amma sau da yawa laifin na kwanso ne. Saboda haka kada ka miƙa hannu kan kanta tukuna. Zare tsohuwar lainar, ka sa shi ya zura ƙafa cikin kwanson da siririyar safa, ya miƙe tsaye, ya tura ƙafar gaba har yatsu su ɗan taɓa bakin kwanson ba tare da sun lanƙwashe ba. Sannan ka haska bayan diddigen ka auna filin da ya rage. Kada ka auna da yatsa kamar yadda wasu ke yi, yatsana da naka ba kaurinsu ɗaya ba. Ga sandunan awo can a rataye. Ga mai yawon dutse ina son in ga milimita 15 zuwa 20. In ya kai 25 ko ya wuce, takalmin ya yi masa yawa, kuma babu lainar da za ta gyara wannan. Za ta cike gurbin na 'yan kwanaki, soson ya kwanta, diddigen ya koma rawarsa.

Daga nan ka sa ya dawo da ƙafar tsakiya ka duba gefe da gefe, ka duba sama. Ina idon sawu yake taɓa roba? Ƙashin gindin ƙaramin yatsa fa? Tsakanin doron ƙafa da rufin kwanso akwai fili ko babu? Faɗin da kamfani ke rubutawa, milimita 98 ko 100 ko 102, awon lamba guda ce, galibi 26.5, kuma bai gaya maka komai ba game da zurfin diddige ko tsayin doro. Haka ita ma lambar. A ma'aunin Mondopoint tsawon ƙafa ne da santimita, amma ba kowace rabin lamba ke da kwansonta ba. A yawancin kamfanoni 26 da 26.5 kwanso ɗaya ne, a wajen Scarpa kuwa 26.5 da 27 ne ke tarayya. Wanda bai san wannan ba zai sayi lamba ɗaya daga kamfani biyu ya samu bambancin santimita guda.

Idan ka ga kwanson ya yi yawa, gaya masa gaskiya ko da cinikin zai wuce mu. Ka kuma tuna masa cewa ƙaramin kwanso gindinsa ya fi gajarta, maƙalin da ke riƙe takalmi a kan sikinsa zai buƙaci gyara, wani lokaci har sai an sake huda sikin. Gara ya ji wannan daga bakinka yau.

In kwanso ya yi daidai, saura abu ɗaya kafin laina, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin tafin ƙafa. Wadda ke zuwa da takalmi fallen soso ce kawai. Ƙafar da ramin tafinta ke faɗuwa idan an taka tana ƙara tsawo da faɗi, idon sawu ya karkata ciki ya goga roba, diddige ya murɗe. Ka sa mata shimfiɗa mai riƙe ramin da kofin diddige, ka datse ta daidai da cikin laina, sai ka ga rabin ƙorafin ya tafi. Kuma dole da ita za a gasa sabuwar lainar, wato a ɗumama lainar a tanderu ya saka ta don ta ɗauki siffar ƙafarsa. In ka gasa ba ita, daga baya ka cusa ta, ka ɗaga ƙafar sama ka ɓata duk siffar da ka yi.

To, yanzu mu zo kan laina. Masu ƙera takalmin hawa suna gasar rashin nauyi, kuma laina na cikin wuraren da ake rage giram. Shi ya sa da yawansu sirara ne, suna saurin kwanciya, su bar kwanso da sauran ƙarfinsa. Ba duka ba dai: Scarpa ta daɗe tana sa lainar Intuition a takalmanta tun daga masana'anta. Don haka ka duba abin da ke ciki kafin ka yanke masa hukunci.

Wadda za ka fi sayarwa ita ce ta soson EVA mai rufaffun ƙwayoyi, irin ta Intuition daga Kanada ko Palau daga Faransa. Ba ta da nauyi, tana riƙe ɗumi, ba ta shan ruwa sosai, kuma zafi na sa ta ɗauki siffar ƙafa da ta kwanso gaba ɗaya. Intuition na yin ta da kauri daban-daban, milimita 9 da 12 da 15, kuma awon da ka yi a kwanso shi zai zaɓa maka, ba son ran mai takalmi ba. Ka riƙe wannan da kyau: gashin tanderu yana ɗan kumbura soso, amma aikinsa na gaske shi ne danne shi a inda ƙashi ya turo. Ba ya ƙirƙiro nama a inda babu. Siririyar laina a faffaɗan kwanso ba za ta riƙe ba, mai kauri kuma a matsattsen kwanso za ta danne har ta yi tauri kamar katako, ta rasa iskar da ke cikinta, wadda ita ce ɗumin.

Nan ne zancen sanyin yatsunsa ya shigo, kuma nan nake so ka tsaya sosai. Jijiyar jini da ta ji suna bi ta doron ƙafa zuwa yatsu, kusa da fata. Ka matse doro, ka rage jinin, yatsu su yi sanyi su mutu ko da ka naɗe su da bargo. Mai jin sanyi yakan ƙara safa mai kauri ya ƙara ɗaure maɗauri, abin ya daɗa muni. Ni ma na yi wannan kuskuren a farkon koyona. Wata mata ta zo da kukan sanyi, na cusa mata laina mafi kauri a kwanson da bai da wurinta, ta tafi doguwar tafiya ta dawo da farata biyu sun yi baƙi. Har yau ina tuna fuskarta lokacin da ta cire safa, kuma tun ranar ban sake zaɓar kauri ba sai na auna. Abin da ake nema shi ne diddige ya kafe, tsakiyar ƙafa ta ji riƙo ko'ina daidai, yatsu kuma su iya motsi.

Sai siffar lainar. Akwai mai naɗi, wadda ɓangare ɗaya ke hawa kan ɗaya a gaban ƙwauri, akwai mai harshe. Mai naɗi tana cike wuyan takalmi, tana ƙara masa ƙarfi a gangara, tana da kyau ga mai siririn ƙwauri. Amma mutumin nan mafi yawan yininsa hawa yake yi da ƙafa, gangarowar ɗan lokaci ce. Ya sayi takalmin da wuyansa ke lilo digiri 60 ko fiye idan an saki makullin da ke kafe wuyan lokacin gangara, in ka sa masa laina mai tauri ka cinye masa wani kaso na wannan lilon, takunsa ya gajarce, ya gaji da wuri. Ga mai doguwar tafiya na fi son mai harshe wadda aka yi wa wuri mai laushi a bayan agara don ta lanƙwasa da ƙafa. Akwai masu naɗi da aka yi musamman don hawa, su ma da wannan laushin. Tambaye shi awa nawa yake yi a hawa da kuma yadda yake gangarowa, amsarsa ce za ta raba gardama.

Bayan ta soson EVA, nau'i na biyu shi ne ZipFit, wanda Sven Coomer ya ƙirƙiro, mutumin da ya daɗe yana zana takalman siki. Maimakon soso, an yi mata aljihuna a harshe da kewayen idon sawu, an cika su da garin ɓawon bishiyar nan da ake toshe kwalba da shi, kwaɓe da mai. Ɗumin ƙafa na sa haɗin ya gudu daga inda ake matsa shi zuwa inda ke da rami, kuma ba ya kwanciya irin ta soso. In riƙo ya ragu sai a ƙara ta wata 'yar kafa, in ya yi yawa a rage. Ga mai siririn diddige da ƙasusuwa a waje ban ga abin da ya kai ta riƙo ba. Sai dai nauyinta ya kusa ninka na lainar soso, kuma a takalmin da dukansa bai fi kilo ɗaya da ɗoriya ba wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗaga ƙafa dubban sau. Tana kuma son wuri, ba kowane siririn kwanso ke karɓarta ba. Irin wadda ake ɗura wa ruwan soso ya daskare a jikin ƙafa kuwa, bar ta ga masu tsere a gyararren fili. Ta yi tauri da sanyi ga mai tafiya.

Ranar gashi kada ka yi gaggawa. Tun kafin ka kunna tanderu ka zana wuraren da yake jin ciwo a fatarsa. Shi zai nuna maka, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manna ɗan soso a kan kowane ƙashi da ya turo, don ya buɗa wa kansa gurbi a laina. Sa masa hular yatsu, wadda ke buɗa wa yatsu fili a laina, sannan siririyar safa a kai ta riƙe komai. Hular nan kada ka taɓa mantawa da ita ga mai hawa, domin ƙafa na kumbura bayan awoyi ana tafiya. Lainar soso takan so zafi wajen digiri 110 zuwa 120 a ma'aunin Celsius na kimanin minti 10, amma ka karanta takardar kamfanin kowane lokaci. Ta garin ɓawo ɗumi kaɗan take so, in ka ba ta zafin soso ka lalata ta. Shimfiɗar tafin ƙafa ba ta shiga tanderu, sai laina ta fito za ka zura ta.

Daga nan hannu ya yi sauri amma hankali a kwance. Buɗe kwanso sosai, shigar da laina ba tare da ta naɗe ba, ka tabbata ɗinkin baya ya tsaya a tsakiya. Ya zura ƙafa, ka ja bayan lainar sama sau biyu yana danna diddige ƙasa, don kada ta tattare a ƙarƙashinsa. Rufe makullin gangara. Maɗaurai kuwa matsakaici za ka ɗaure. In ka ƙulle su tam ka cinye soson da zai yi masa shekaru a minti 10. Ya tsaya da gaban ƙafa a kan ɗan katako, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙafafu daidai faɗin ƙugu, har lainar ta huce. Zai ji matsi a yatsu saboda hular, ka faɗa masa tun da wuri. In kuwa ya ce ƙafar ta mutu gaba ɗaya, sassauta.

Bayan an cire hula da soson manni, kada ka bar shi ya gwada a tsaye kawai. Ya saki makulli ya yi ta hawa matakala, don a nan ne diddige ke tona asiri. Koya masa ɗaurin hawa: na wuya a sake, wanda ke kan kwanar ƙafa da ƙwauri a bar shi da ɗan riƙo, domin shi ke tura diddige cikin gurbinsa. Mutane da yawa suna kwance komai in za su hau, ƙafa ta yi ta goga, su ce laina ce. Igiyar ɗaure laina ma na taimakawa ƙwarai, tana sa laina ta bi ƙafa, gogar ta koma tsakanin laina da roba. In har yanzu akwai ɗan ɗagawa, manna soso mai siffar lauje a bayan lainar kewaye da idon sawu.

Inda ƙashi ke taɓa roba kuwa, kwanson za a buɗa, kada ka yi ta gasa laina kana danne ta. A nan ka kira ni tukuna. Robar Grilamid da ake yin yawancin waɗannan takalma da ita siririya ce. Tana karɓar zafi da turi in an bi ta a hankali, amma babu naman da za a kankare kamar na takalmin fili mai kauri. Wurin da aka yi da kabon zalla ba a buɗa shi sam. Kada kuma ka kai zafi kusa da ƙarafan da ke hancin takalmi, waɗanda maƙali ke kamawa.

Ka ce masa ya yi fita uku ko huɗu gajeru kafin ya yanke hukunci, ya riƙa zare lainar kowane dare ta bushe nesa da wuta, don zafin da ya ba ta siffa shi zai ƙwace ta. In ka kira shi yau, ka ce ya zo da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da yake hawa da ita, da takalmin duka biyu. Tsohuwar lainar kuma kada ya jefar. Kawo mini ita mu juya ta tare, in nuna maka yadda ake karanta inda ta goge da inda ta kwanta kafin ya cire takalmin da ya shigo da shi.