Amsa ga mai tambayar istaji (zuwa ƙaro sanin aiki) a cibiyar guba

Assalamu alaikum jama'a, ina kwananku. Ƙanwata na ji muryarki jiya da dare, ina gardi ne a asibiti shi ya sa ban amsa ba. Kin ce wai wannan musayar ziyarar da cibiyoyin guba (inda ake kira a nemi shawara in mutum ya sha guba) suke yi, a tura mutum wata ƙasa sati biyu ya ga aikinsu su ma su turo nasu, tana da amfani ko yawon cin fardiyam, kuɗin guzurin tafiya, ne kawai. To ni na gane inda kika dosa, so kike ki ji ko ki sa sunanki. Ki sa. Amma ki duba ina za a kai ki.

In Rabat ce ta Maroko ko Dakar ta Senegal, ki rufe ido ki tafi. Ta Rabat ɗin tun 1989 take aiki, wayarsu ba ta kwana, dare da rana akwai likita a kanta, kuma abin da ke kawo masu mutane ya yi kama da namu: harbin kunama, maganin ƙwari, maganin gargajiya, da baƙin sinadarin nan da ake haɗawa da lalle, wanda in aka sha wuya da harshe su kumbura, fitsari ya yi baƙi, ƙoda ta tsaya. Ba shi da makari, numfashi kawai za ki yi ta ceto. Faransa kuwa, bon, ban ce kar a je ba, akwai ilimi, amma za a nuna maki injin da ke auna guba cikin jini ki dawo Damagaram ki yi ta kallon hotonsa a portabul.

Kuma mutane sun ɗauka cibiyar guba wani ƙaton labo ne. A'a, wayar tarho ce da rajista. Ta farko da aka buɗe a Amurka, a Shikago 1953, bayanin abin da ke cikin kayan gida suka tattara don likitocin yara su riƙa tambaya, shi kenan. Me ya sha, nawa, ƙarfe nawa, kilonsa nawa, sai a ce maka yi kaza kar ka yi kaza, a rubuta, gobe a sake kira a ji ya ya kwana.

Wannan "kar ka yi kaza" ɗin shi ne ke ci mani rai wallahi. Esansin nan da ake sayarwa cikin kwalba bakin hanya, a kai gida a aje, yaro ɗan shekara biyu ya ɗauka ruwa ne. Kafin a kawo mana shi an ɗura masa madara, an ɗura mai, kaka ta sa yatsa ya yi amai. To aman nan ne ke kai shi huhu! Shekara nawa ina faɗa, har wata tsohuwa ta ce mani ɗan nan ka girme ni ne? Na ce a'a Inna. Ka ga fiya-fiya, maganin ƙwarin nan, kuma daban, yawu na zuba, ƙwayar ido ta tsuke, nan allurar atrofin ce makarinsa, a yi ta yi har ƙirji ya bushe... to na bar wannan, kun sani.

Na ce Faransa kallo ne kawai, a'a bari in gyara, su ma suna da abin ɗauka wurinmu. Wanda bai taɓa ganin saran kububuwa ba, bai taɓa zuba jini cikin busasshiyar kwalbar gilashi ya jira minti 20 ya ga ko zai daskare ba, ai mu ne malamansa. Shi ya sa aka ce musaya.

Abin da kawai nake roƙo, a tura mai kwana da marasa lafiya. Wani wuri da na taɓa aiki, irin wannan damar ta zo, sunana har ya hau takarda, sai aka wayi gari an sa wani na buro wanda rabonsa da sirinji Allah kaɗai ya sani. Ya dawo mana da dabino da hotuna, rapor ɗin ma har yau ban gan shi ba. Na yafe fa, ba riƙo nake ba, amma dai.

In kin tafi ki ɗauko mana fom ɗin da suke cikewa in an kira su, da lambar mutum ɗaya da zai ɗauka ƙarfe ukun dare. An kira ni, sai anjima.