Zauren Malama: tarar banakula da rigimar bulala

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama, Allah shi ƙara basira. Ɗiyata tana aji ukku ga wata makarantar kuɗi nan cikin gari, to sun hiddo wata doka wai duk yaron da anka ji ya yi Hausa cikin aji ko lokacin hutun tara monita shi rubuta sunanshi, kowace magana naira 50. Ran Alhamis kaɗai sai da na ba ta 200. Ba ma kuɗin ke damuna ba, yarinyar ga da ba ta rufe baki yanzu malaminsu da kanshi yac ce ba ta magana cikin aji ko an tambaye ta. Babanta ya ce in ƙyale su ai don Turancin muke biyan kuɗi. Mi kika gani? Daga wata uwa, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƴar uwa. Ai ke da kanki kin kawo amsar cikin tambayarki, yarinya ta yi shiru. Tarar banakula shiru take koya ma yaro, domin yaro ba wawa ba ne, in ya lissafa ya ga buɗe baki na iya cin mashi kuɗin tara sai ya kulle bakin ya huta, bai yi Hausar ba bai yi Turancin ba, malami kuma ya duba ya ga aji tsit ya ɗauka aiki na kyau. Mu ma an yi mana, lokacinmu wani ɗan katako ne ake rataya ma wanda ya yi Hausa a wuya, shi kuma ya yi ta laɓe yana neman wanda zai kama ya sauke ma shi, wanda ya kwana da shi ya sha bulala da safe. Wallahi abinda na koya daga katakon nan gulma ce da laɓe, Turancin da nake ji yau wata malama ce ta koya mana shi da waƙe-waƙe da ƴan labarai tana fassara mana in mun ɓace.

Sannan a duba monitan nan. Yaro ɗan shekara takwas ko tara an ba shi biro da takarda an ce ya rubuta ƴan uwanshi, wa zai rubuta? Wanda ya hana shi cincin. Abokinshi kuwa ko waƙar Hausa ya rera sunanshi ba ya shiga. Kuɗin kuma ina suke zuwa, akwai rasit? Wannan tambaya ce da kike da haƙƙin yi.

Maganar maigida kuwa kar ki yi jayayya da shi, yana da gaskiyarshi. WAEC da NECO da JAMB in ka cire darussan harsuna da Turanci ake rubuta su, kuma ba kiredit a Turanci ba jami'a, kowa ya sani. Inda aka rabu shi ne hanyar. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce shekarun farko na firamare a koyar da yaro da harshen gida ko na yankin da yake, Turanci ya zama darasi, daga baya a juya. A 2022 lokacin minista Adamu Adamu gwamnati ta ce a kai har aji shida, sai kuma a ƙarshen 2025 minista Tunji Alausa ya ce an soke a koma Turanci. Kin ga su kansu manyan yau nan gobe can, amma duk cikin juye-juyen nan ba inda aka ce a ci yaro tara don ya ce ma ɗan uwanshi ara mani fensir. Kuma an taɓa gwada abin a aikace, Farfesa Babs Fafunwa ya yi a Ile-Ife daga 1970, yara suka yi firamare shekara shida da Yarbanci ana koya masu Turanci a matsayin darasi, da aka gwada su da takwarorinsu ba su gaza a Turancin ba. Mu nan Sakkwato ma ai ba sai mun je Ife ba, Nana Asma'u da ta san Larabci kamar me da ta tashi karantar da matan ƙauye ta hannun jajis ɗinta, wato matan da ta horar su riƙa karantarwa, da waƙoƙin Hausa da Fulatanci ta aika masu, don ta san da abinda mutum ke ji ake kai shi ga abinda bai sani ba.

To ga shawara. Kar ki fara da guruf ɗin WhatsApp na iyaye, can magana ke lalacewa, kafin la'asar an mayar da ita faɗa, kuma ɗiyarki ce za ta koma ajin gobe. Ki je ke kaɗai wurin malamin ajin bayan an tashi, ki gaishe shi da kyau, ki tuna mashi shi ne ya ce yarinya ta daina magana, ki tambaye shi tun yaushe. Bari shi da kanshi ya haɗa lissafin. Sau da yawa ma dokar ba tashi ba ce ta mai makaranta ce, saboda iyaye mun saba auna makaranta da ko yaro ya dawo yana gud monin dadi. In ya nuna ba hannunshi sai ki nemi iyaye biyu ko uku ku kai maganar taron PTA, ku ce a ware lokaci kullum ko minti talatin na Turanci zalla da wasa da waƙa, wanda ya yi ƙoƙari a tafa mashi ko ya yi kuskure, tarar kuma a ajiye ta. A gida ki bar ta ta yi ta zuba Turancinta ko karyayye ne kar yayyenta su yi mata dariya, dariyar nan ta fi tara illa.

TAMBAYA: Malama ni malamin firamare na gwamnati, yara 93 gare ni aji guda. Na zane wani yaro bulala huɗu don ya jehi ɗan uwanshi da dutse, washegari ubanshi ya taho har aji yana zagina gaban yara. In ba bulala ƙaƙa zan riƙe yaran ga? Daga wani malami, Runjin Sambo.

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, yara 93 ko kiwo aka ba mutum ya sha rana. Uban nan bai kyauta ba, ofishin hedimasta aka yi don haka, kuma ya kamata hedimasta ya kira shi tare da shugaban PTA a zauna, in ba haka ba gobe wani ma zai zo. Amma zan gaya maka gaskiya tunda ni ma na riƙe alli, zamanin da uba ke kawo yaro ya ce naka nama nawa ƙashi ya wuce, jihar nan tana da dokar kare yara tun 2021, kuma ranar da bulala ta kuskure ta sami ido ba wanda zai tuna da dutsen, sunanka kaɗai za a riƙe. Laifi babba irin jifa ka kai shi ofis a rubuta a littafi a kira uban tun ranar, da ya ji daga bakinku kafin ya ji daga bakin yaro da labarin ya canza. Cikin aji kuwa ka raba su rukuni-rukuni goma-goma kowane da shugaba ana canzawa duk sati, masu ƙiriniyar ka dawo da su layin gaba ka ba su aiki, goge allo, rabon littafi. Shi mai jifan ma gwada ba shi riƙon alli da dasta sati guda, ka rubuto mani yadda kuka ƙare.